Na Yi Azumi, Na Yi Addu'a, Amma Tsoro Bai Sake Ni Ba: Bangaskiyata Ce Ta Mutu?

Tambaya:

"Wata takwas ke nan da 'yan bindiga suka ɗauke maigidana yana gona. Muka sayar da hatsi da awaki, dangi da ikilisiya suka cika mana sauran, aka sako shi bayan sati uku. Mun yi godiya a gaban jama'a ranar Lahadi. Amma ni tun daga lokacin barci ya ƙaurace mini. Ko ƙarar babur na ji sai gabana ya faɗi, ƙirjina ya riƙa dukan uku-uku, numfashi ya gagare ni. In ya fita bai dawo da wuri ba, ina ta kiransa ke nan har ya yi fushi. Na yi azumi, na je addu'ar kwana. Wata mama a Zumuntar Mata ta ce tsoro ruhu ne, kuma zunubi ne, in tsawata masa cikin sunan Yesu. Na tsawata, bai tafi ba. Shin bangaskiyata ce ta mutu? In na je asibiti, na raina ikon Allah ke nan?"

Amsa:

'Yar'uwata cikin Ubangiji, sannu da wannan gwaji, sannu da ɗawainiya. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya mayar muku da abin da kuka rasa.

Bari in ba ki amsa a gajarce tukuna, don kada ki karanta sauran gabanki na faɗuwa. Bangaskiyarki ba ta mutu ba. Wadda tata ta mutu ba ta farkawa ƙarfe biyun dare tana kiran sunan Yesu, ba ta kuma damuwa da ko ta ɓata wa Allah rai. Zuwa asibiti kuwa babu raini ga ikon Allah a cikinsa, ina ma roƙonki ki je cikin makon nan. Yanzu sai dalilai.

Allah da kansa ya halicci jikinmu da tsoro, don ya kare mu. Da an ga haɗari, jiki yakan saki wani sinadari da likitoci ke kira adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, jini ya koma hannuwa da ƙafafu, baki ya bushe, ciki ya ɗaure. Duk shirin gudu ne ko kokawa. An yi shi don 'yan mintoci. Ke kuwa sati uku kika yi a cikinsa dare da rana, waya a hannu, kina jiran baƙuwar lamba ta shigo, ba ki sani ba ko muryar mijinki za ki ji ko labarinsa. Jikinki ya haddace wannan darasi, kuma bai samu labarin cewa an gama ba. Hausawa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙarar babur ita ce tsummanki, don a kan babura suke zuwa. Faɗuwar gaban nan tana rigan tunaninki, balle tuna aya. Abin da ya auku a jiki kafin mutum ya yi niyyar komai, yaya za a kira shi tayarwa ga Allah?

Likitoci sun san wannan hali sarai. In firgici da mugayen mafarkai da rashin barci suka wuce wata guda bayan masifa, suna ɗaukarsa ciwo ne mai bukatar kulawa, kuma yana jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba iri-iri. Naki kuma yana da tushe. Duk wanda ya ga an kwashe ɗaliban makarantar Baptist ta Bethel a Kaduna cikin Yulin 2021, ya ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022, ba zai ce miki zuciya ce kawai ke saƙa miki ba.

Ga abin da za ki yi in abin ya taso miki cikin dare. Kada ki ci gaba da kwanciya kina juyi. Tashi zaune, ki sa tafin ƙafafunki a ƙasa har ki ji sanyin daɓe. Ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi ta baki a hankali kina ƙirga shida ko bakwai. Fitar da numfashin ce ke lafar da zuciya, don haka ita za ki ja da tsawo. Haska tocila ki dubi abin da ke ɗakin, ki ambaci sunansu ɗaya-ɗaya: ga ƙofa a kulle, ga bokitin ruwa, ga shi nan kwance yana numfashi. Ki gaya wa kanki ranar da ake ciki da watan da ake ciki, don jikinki yana can baya a waɗancan makonni. Sannan ki ɗauki Zabura 56:3, inda Dauda ya ce a ranar da ya ji tsoro zai dogara ga Allah. Rabin ayar da jan numfashi, rabin da sakinsa. Irin wannan bugu yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti goma, sa'an nan ya fara sauka da kansa. Yana da muni ƙwarai, mutum yakan ji kamar ransa zai fita, amma shi kansa ba ya kisa. Ki lura da ayar kuma: Dauda bai ce ba ya jin tsoro ba. Ya ce a ranar da ya ji. A cikin numfashi ɗaya yana tsoro yana dogara, Ruhu Mai Tsarki kuma ya bar maganar haka a rubuce don mu raira.

Maganar maman nan ta Zumunta, na san inda ta samo ta. Daga 2 Timoti 1:7 ne, inda Bulus ya ce Allah bai ba mu ruhun tsoro ba, sai na iko da ƙauna da kamunkai. Aya ce ta gaskiya. Amma ki karanta abin da ke gabanta da bayanta. Bulus yana kurkuku, yana ƙarfafa saurayi Timoti kada ya ji kunyar bishara, kada ya ja da baya daga aikin da aka ɗora masa. Ba a kan macen da aka sace mijinta yake yanke hukunci ba. Shi Bulus ɗin nan ne ya gaya wa Korintiyawa cewa ya zo wurinsu da rauni da tsoro da rawar jiki ƙwarai (1 Korintiyawa 2:3). Shi ne ya ce da suka isa Makidoniya jikinsu bai huta ba, faɗa a waje, tsoro a ciki (2 Korintiyawa 7:5). A Koranti sai da Ubangiji ya zo masa cikin wahayi da dare ya ce kada ya ji tsoro, yana tare da shi. Ba a faɗa wa wanda ba ya jin tsoro haka.

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp, wai "kada ka ji tsoro" ya zo sau 365 a Littafi Mai Tsarki, ɗaya don kowace rana. Waɗanda suka zauna suka ƙirga ba su samu haka ba, kuma ba mu bukatar ƙari a kan Maganar Allah. Ya zo da yawa, wannan ya isa. Abin dubawa shi ne abin da yake biyo bayansa. Kusan kullum dalili ne game da Allah: ina tare da kai, ni ne Allahnka, zan taimake ka, zan riƙe ka da hannun damana (Ishaya 41:10). Muryar lallashi ce, ta wanda ya matso kusa. Mu ne muka mai da ita tsawa.

In kuma har yanzu zuciyarki na cewa ai waɗannan duk mutane ne masu zunubi, ki je Getsamani. Markus 14 ya ce Yesu ya fara razana da damuwa ƙwarai, ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya cewa ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Luka, wanda likita ne, ya ce guminsa ya zama kamar ɗigon jini. Sau uku yana roƙon a ɗauke masa ƙoƙon. Wannan shi ne wanda bai taɓa zunubi ba. In rawar jiki a gaban mugunta zunubi ce, to ba mu da Mai Ceto marar aibi. Tunda kuwa muna da shi, maganar ta faɗi.

Labarin da nake yawan buɗewa da masu irin halinki shi ne na Iliya, a 1 Sarakuna 19. Ki karanta shi a hankali, ko ki sa a karanta miki. Mutumin nan ya gama tsayawa shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel. Ya yi addu'a wuta ta sauko, ya yi addu'a ruwa ya sauko bayan fari na shekaru. Sai Yezebel ta aiko da saƙo ɗaya, cewa gobe war haka ya zama gawa. Ya tashi ya gudu. Ya kai Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna gindin wani ɗan itace ya ce, ya isa haka, Ubangiji ka ɗauki raina. Ki ga yadda faɗuwar ta zo bayan nasara. Haka take zuwa wa mutane da yawa. Lokacin da ake neman kuɗin fansa ke ce kike tsaye, kina bin dangi, kina lallashin yara. Sai da aka yi godiya kowa ya watse, sannan jikinki ya sami sararin rushewa.

To me Allah ya yi da annabin da ya gudu? Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce tashi ka ci. Ya duba, ga gurasa da aka gasa a kan duwatsu masu zafi, ga tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya koma barci. Mala'ikan ya sake dawowa ya ce tashi ka ci, tafiyar ta fi ƙarfinka. Har zuwa nan ba wa'azi, ba a ce masa ina bangaskiyarka ta Karmel ba, ba a tsawata wa wani ruhu ba. Abinci sau biyu, barci sau biyu. Sai da ya kai Horeb Allah ya tambaye shi abin da yake yi a nan, ya bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa. Bayan iska da girgizar ƙasa da wuta da ƙaramar murya, ya sake yi masa tambayar, Iliya ya maimaita amsar nan kalma da kalma, Allah ya sake saurara. Mai rauni a zuciya yakan maimaita labari ɗaya sau da yawa, kuma wannan ba rashin godiya ba ne. Daga ƙarshe Allah ya gyara masa tunani a wuri guda: kana cewa kai kaɗai ka rage, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya ba shi aiki, ya ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Jiki tukuna, sai sauraro, sai gaskiya, sai aiki da abokin zama. Mu a ikilisiya sau da yawa mukan fara da na ukun, mu tsaya a nan.

Da wannan nake ba ki shawara ki ajiye dogon azumi yanzu. Azumi abu ne mai kyau. Amma jikin da ba ya barci, in aka ƙara masa yunwa, bugun zuciya da jiri da rawar hannu sukan ƙaru, sai ki ɗauka abin ne ke ƙara ƙarfi. Haka addu'ar kwana. Ke barci kike nema, Zabura 127 kuma ta ce kyautar Allah ce ga ƙaunatattunsa.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai inda tsoro ke kai mutum ga zunubi, kuma mai ba da shawara da ya ƙi faɗar wannan bai yi miki adalci ba. Ibrahim don tsoro ya ce Saratu ƙanwarsa ce, ya bar ta a hannun wani, har sau biyu. Saul ya ga rundunar Filistiyawa zuciyarsa ta kaɗa, ya ɓad da kama ya tafi wurin mai duba a Endor da dare. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa gaban wata baiwa. A cikin duka ukun, laifin yana wurin da tsoron ya kai su. A wurinmu yakan ɗauki wasu kamannu da na sha gani: a karɓo laya ko guru a ɗinka wa maigida cikin riga "don tsari", a hana yara makaranta gaba ɗaya, a huce a kansu da duka, a fara shan ƙwaya a ɓoye. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne in ga fargaba ta rikiɗe ta zama ƙiyayyar ƙabila guda ko addini guda, har yara su tashi da ita. Mutanen da suka ɗauki mijinki mugaye ne, ki roƙi Allah ya yi shari'a, Zabura cike take da irin wannan roƙo. Amma matan Musulmi a Zamfara da Katsina su ma suna kwana da waya a hannu suna jiran baƙuwar lamba. Ki binciki kanki a waɗannan. In akwai, ki tuba, gafara tana nan. In babu, kada ki tuba daga bugun zuciya.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya. A ƙarƙashin tambayarki ina jin wata da ba ki rubuta ba: Allah ya bari abin ya faru sau ɗaya, me zai hana ya sake bari? Mutane za su ce miki ba zai ƙara faruwa ba cikin sunan Yesu. Ina addu'a kada ya ƙara. Amma ba zan yi miki alkawarin da Allah bai yi ba, don zuciyarki ta riga ta san gaskiya, kuma salamar da aka gina a kan abin da ba ki gaskata ba, ƙarar babur ɗaya ta isa ta rushe ta. A Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya fitar da Bitrus. Sura ɗaya, ikilisiya ɗaya, manzanni biyu, ba a kuma gaya mana dalili ba. Abokan Daniyel uku sun ce wa sarki Allahnsu yana da iko ya cece su, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Bulus a Romawa 8 ya jera ƙunci da tsanani da yunwa da hatsari da takobi. Bai ce ba za su zo ba. Ya ce ba za su iya raba mu da ƙaunar Almasihu ba.

Wannan ne alkawarin da ke hannunki, kuma ya fi ƙarfin wancan. Ki waiwayi makonnin nan uku. Da an gaya miki tun farko abin da za ki shiga, da kin ce ba za ki rayu ba. Kin shiga, kowace safiya kin sami ƙarfin wannan ranar. Abin da fargaba ke yi shi ne ta nuna miki gobe da dukan muguntarta, ta cire Allah daga cikin hoton. Kina ganin babura, kina ganin kanki gwauruwa, amma ba kya ganin alherin da zai tarye ki a can, don ba a ba da shi tun yau. Haka manna take a Fitowa 16, ta yini guda ake tarawa, wanda ya ɓoye ta gobe ya tarar ta yi tsutsa. Yesu ma a Matiyu 6 bai ce gobe lafiya lau ba ce. Ya ce wahalar kowace rana ta ishe ta.

In kuma akwai fushi da Allah a ranki, ki gaya masa. Godiyar da kuka yi ranar Lahadi gaskiya ce, amma ba ta rufe bakin kuka ba. Zabura 13 ta buɗe da "har yaushe" sau huɗu. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da ko kalmar nasara ɗaya ba, kuma tana cikin littafin waƙoƙin mutanen Allah. Ki rubuta taki da bakinki, yadda kike ji, ba yadda ake addu'a a gaban jama'a ba.

Wani aiki da nake ba mutane, ki gwada shi da yamma kafin duhu, kada ki bari sai kin kwanta. Ɗauki takarda ki ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya ki rubuta abin da ke hannunki, ɗaya gefen abin da ba ya hannunki. Na farkon ki yi shi. Nehemiya da aka yi musu barazana ya ce sun yi addu'a ga Allahnsu, suka kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). Don haka maigida ya daina zuwa gona shi kaɗai, a tafi a ƙungiya, a dawo da rana tsaka, a saurari masu gadin gari, gonar da ke can cikin daji a haƙura da ita bana. Batun waya kuwa, ku yi yarjejeniya: shi zai kira ki sau biyu a lokacin da kuka tsayar, ke kuma ba za ki kira tsakani ba. Da farko zai yi miki zafi. Amma kowane kira na neman tabbaci yana kwantar da hankali na minti kaɗan ne, sannan ya koya wa zuciya cewa in ba a kira ba akwai matsala. Ki daina buɗe hotuna da bidiyon kashe-kashe da ake turowa, musamman da dare. Labarin da ya shafe ki zai iso ki ko ba su.

Gefe na biyu shi ne na Filibiyawa 4. Daga kurkuku aka rubuta shi, kuma kafin a ce kada a damu da komai, an ce Ubangiji yana kusa. Bulus ya ce a sanar da Allah bukatu ta wurin addu'a da roƙo tare da godiya. Ki kira abin da sunansa. "Ya Uba, ina tsoron su dawo. Ina tsoron bashin da muka ci. Ina tsoron yaran nan su tashi babu uba. Ba ni da iko a kan ko ɗaya. Na gode da ka dawo da shi, na gode da waɗanda suka ba da abin da ba su da shi." Ki ninke takardar ki sa cikin Littafinki. In tunanin ya dawo da dare, zai kuwa dawo, ki ce masa an riga an miƙa, sai gobe da yamma. Miƙa damuwa ga Allah, yadda 1 Bitrus 5:7 ta ce, ba aikin rana ɗaya ba ne. Wani daren sau goma za ki miƙa, kuma na goman bai fi na farkon ƙarancin bangaskiya ba.

Batun asibiti ba ya bukatar doguwar muhawara. Ishaya ya kawo wa Hezekiya maganar warkarwa daga Allah, ya kuma ce a shafa masa curin ɓaure a kan marurun. Waɗanda suka kawo mana bishara su suka gina asibitin Vom a 1922 da na Galmi a Nijar a 1950, ba su ga saɓani tsakanin allura da addu'a ba. Ki fara da babban asibiti mafi kusa. A auna hawan jini da suga, a duba ƙarancin jini da ƙwayar maƙogwaro mai kawo maƙoƙo, don duk suna iya sa zuciya gudu. Ki gaya wa likita labarin sacewar, kada ki tsaya a "ƙirjina ke ciwo", in ba haka ba za a ba ki maganin olsa ki dawo gida. In ya tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa, ki je. Akwai asibitin gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai a Kware ta Sakkwato da Maiduguri, asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano su ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin hauka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ma ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sau da yawa maganin zama ne da tattaunawa da wanda ya ƙware. In an ba da ƙwaya, irin da aka fi bayarwa takan ɗauki makonni kafin a ji aikinta, kuma ba a yanke ta farat ɗaya sai da sanin likita.

Ki kiyayi abu biyu. Kada ki sayi maganin barci irin su diazepam a kemis da kanki, jiki yana sabawa da shi cikin 'yan makonni, fita kuma ta fi shiga wuya. Ki rage goro da kofi da shayi mai kauri daga azahar. Sannan duk gidan addu'ar da aka ce sai kin biya, ko aka nuna miki wata 'yar'uwa aka ce ita ce mayyar, ko aka hana ki magani, ki fita. Na gaskata Shaiɗan yana nan, yana kuma amfani da rauni ya yi wa mutum ƙarya cewa Allah ya yashe shi. Maganin ƙarya gaskiya ce, ba ihu a kunne ba. In kuwa kika fara jin gara ki mutu, ko kika kasa cin abinci kwana da kwanaki, ko kina jin muryoyi, ko ciwon ƙirji ya sauka hannu da gumi, ki gaya wa wani a take, a kai ki asibiti ranar.

Kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Bulus da ya ce tsoro a ciki, aya ta gaba ya ce Allah ya ta'azantar da shi ta wurin zuwan Titus. Mutum aka aiko masa. Charles Spurgeon, mashahurin mai wa'azin Ingila, yana ɗan shekara 22 a 1856 wani ya yi ihun gobara a tsakiyar taronsa a Landan, mutum 7 suka mutu a turmutsitsi. Ya kasa hawa bagade na ɗan lokaci, abin kuma ya bi shi har ƙarshen ransa, bai kuma ɓoye wa jama'arsa da ɗalibansa ba. A nan gida, bayan Boko Haram sun kama hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) a Kwarhi ta Jihar Adamawa cikin Oktoban 2014, ikilisiyar ta riƙa shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya ga membobinta, fastoci ma suna cikin masu zama su yi kuka. Ki tambayi fastonku ko akwai wanda aka horar a gundumarku. Ki kuma zaɓi mace ɗaya mai riƙe sirri, wadda ta iya shiru, ku riƙa zama sau ɗaya a mako. Maman da ta yi miki maganar nan kada ki riƙe ta a rai, abin da aka koya mata ta ba ki. Kada kuma ki bar Zumunta saboda ita.

Maigida fa? Kin ce yana fushi in kin kira. Mai yiwuwa shi ma ba ya barci, yana kwance ne ido rufe don kada ki sani. Mazanmu an koya musu cewa namiji ba ya faɗin tsoro, sai ya fito ta hanyar faɗa ko shiru ko yawon dare. Kada ki matsa masa ya ba ki labarin daji. Ki gaya masa naki, ki ce kina so ya raka ki asibiti, a auna ku tare. Mazan da ba za su taɓa zuwa don kansu ba sukan je rakiya, likita ya tambaye su su ma. Yara kuma suna kallon fuskarki. Ki gaya musu daidai hankalinsu cewa Mama tana jin tsoro wani lokaci tun abin da ya sami Baba, tana samun taimako, kuma ba laifinsu ba ne.

Wata huɗu ya rage shekara ta zagayo. Ki sa rai abin zai ɗan tsananta a lokacin, da kuma ranar da zai fara komawa wajen da aka ɗauke shi, ko da kin riga kin samu sauƙi. Haka yake yi wa mutane da yawa, ba alamar komawa baya ba ce. Ki sanar da fasto da ƙawar nan taki ranar tun yanzu, a shirya wanda zai wuni tare da ku, in kuma kina ganin likita, ki nemi ya ba ki ranar dawowa a cikin wannan makon.